Sukar gwamnatin Isra'ila da ƙin jinin Yahudawa: ina iyakar take?

Abban Sadik (admin):
Assalamu alaikum jama'a. Ni na goge hoton da Ɗan Fagge ya turo jiya da daddare, na Hitila ɗin nan da aka rubuta wai ya ce da ya ga dama da ya ƙarar da Yahudawa kaf, amma ya bar kaɗan don duniya ta gane dalilin da yasa ya kashe sauran. Tun asuba ake bina ta bayan fage ana tambaya ko na koma bayan Isra'ila ne, shi yasa nace gara in faɗa anan kowa ya gani. Duk bidiyon Gaza da aka turo gidan nan ban taɓa goge ko ɗaya ba, ni kaina ina turowa. Amma wannan ba maganar Gaza bace. Babu inda aka samu Hitila ya faɗi haka, ƙirƙira ce take yawo a intanet, kuma ko da ya faɗa, yabon mutumin da ya kashe Yahudawa miliyan 6 har da jarirai ba abin da zan bari bane a gidan da kullum muke kukan jariran Gaza.

Ɗan Fagge:
Yaya Abba da girmanka amma wallahi ban yarda ba. Mutanen nan sun kashe dubun dubatar mutane, sun rushe asibitoci da makarantu da masallatai har da coci, sun hana abinci shiga, mu kuma ko hoto bazamu iya sakawa ba sai ace kar a ɓata musu rai? Wannan ai shine abinda Turawa suke yi, duk wanda ya buɗe baki ace masa mai ƙin jinin Yahudawa, yanzu abin ya iso har gidanmu kenan.

Maman Ilham:
Ƙanena su waye "mutanen nan"? Tambayar da nake so ka amsa kenan. Ni a Manchesta nake aiki, kuma zanga zangar Falasɗinu da ake yi a garin nan ina zuwa in ba ni da aiki. Akwai Yahudawa da suke fitowa da nasu kwalayen, wasu tsofaffi ne tukuf, a tare muke tafiya. Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa Bayahude ne, bai taɓa riƙe bindiga ba, bashi da ƙuri'a a Isra'ila, a Ingila aka haife shi aka haifi ubansa. In ka sa hoton Hitila shi ka zaga da kakanninsa, Netanyahu ko a jikinsa.

Ɗan Fagge:
Anti ai ba ni na haɗa su ba, su suka haɗa kansu. Tauraron da ke jikin tutarsu na addininsu ne, shine a jikin jiragen da ke ruwan bama bamai. A 2018 majalisarsu ta yi doka ta ce ƙasar ta al'ummar Yahudawa ce kuma su kaɗai ke da haƙƙin cin gashin kai a cikinta alhali kusan ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Larabawa ne. Netanyahu da bakinsa da za su shiga Gaza a Oktoban 2023 ya kawo labarin Amalek daga littafinsu, wata al'umma da littafin ya ce a shafe ta gaba ɗaya, har Afirka ta Kudu ta karanto maganar a gaban Kotun Duniya. Toh in shi ya ce da sunan Yahudawa yake yi ni wane ne zan ce a'a?

Lauya Aminu:
Ɗan Fagge duk abinda ka kawo haka yake, babu ƙarya ko ɗaya. Amma ka duba inda maganar ta kai ka, ka gaskata Netanyahu a kan babbar da'awar da yake so duniya ta gaskata. Yahudawan duniya duka basu wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, kuma fiye da rabi ba a Isra'ila suke ba, mafi yawan na wajen suna Amurka. Babu ranar da suka taru suka zaɓe shi. Ko a cikin Isra'ilar, a 2023 kafin yaƙin nan wata da watanni dubban ɗaruruwa suna kan titi suna masa zanga zanga saboda yana so ya rage ƙarfin kotun ƙoli.

Kuma in kana neman waɗanda suka fi tona asirin mamayar nan, da yawansu Yahudawa ne. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta B'Tselem ta Isra'ila ce, a Janairun 2021 ta ce tsarin da ake yi daga kogin Jodan zuwa teku wariya ce irin ta Afirka ta Kudu, ta riga Human Rights Watch da ta faɗa a Afrilun shekarar, ta riga Amnesty da ta faɗa a Fabrairun 2022. Amira Hass da Gideon Levy na jaridar Haaretz sun shekara da shekaru suna rubutu a kan abinda soja da 'yan kama wuri zauna ke yi a Gaɓar Yamma, ita Amira ɗin iyayenta ma daga kisan kiyashin Hitila suka tsira. Masana tarihi Ilan Pappe da Avi Shlaim suna cikin waɗanda suka tono takardun 1948 suka nuna yadda aka kori Falasɗinawa sama da dubu 700 daga gidajensu. Akwai kuma masu tsananin riƙo da addinin irin su Satmar da Neturei Karta da tun asali suke ganin kafa ƙasar kafin zuwan Almasihunsu saɓo ne. Duk waɗannan Hitila zai tura su ɗakin gas ba tare da ya tambayi ra'ayinsu ba.

Ɗan Damagaram:
Ni abinda ke ban mamaki baƙar fata ya ɗauki Hitila gwarzo. A Yunin 1940 da sojan Jamus suka shiga Faransa, a wani gari Shasele kusa da Liyon sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama daga cikin farare suka harbe su, maƙabartar tana nan har gobe an gina ta da jar ƙasa irin ginin gida. A 1937 kuma yaran da sojan Afirka suka haifa da matan Jamus a yankin Rhine an bi su an yi musu aikin da baza su taɓa haihuwa ba. Da ni da kai Ɗan Fagge a wurinsa ko cikakkun mutane bamu kai ba.

Ɗan Fagge:
Naji na Hitila, a ajiye shi gefe. Amma Malam Habu kana nan kana karantawa, ka faɗa mana tsakani da Allah, ba Alƙur'ani ne ya ce za ka samu mafi tsananin ƙiyayya ga muminai su ne Yahudu da mushirikai ba? Ko ita ma ayar gogewa za ai?

Malam Habu:
Subhanallah, ba a goge aya Ɗan Fagge, kuma kar ka ƙara irin wannan furucin. Ayar tana nan a Ma'ida ta 82. Amma a surar nan dai aya ta 8 Allah ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci shine mafi kusa da taƙawa. A Ali Imrana ta 113 da yake maganar ma'abota littafi cewa ya yi ba duka suka zama ɗaya ba. A Mumtahana ta 8 ya ce bai hana ku kyautatawa da adalci ga waɗanda basu yaƙe ku ba kuma basu fitar da ku daga gidajenku ba, aya ta 9 ta kawo waɗanda suka yaƙe ku suka fitar da ku. Ka ga ma'aunin aiki ne, wa ya yi yaƙi, wa ya kori mutane daga gida. Wanda ya ƙwace gonar zaitun a Gaɓar Yamma yana cikin ta 9, likitan Maman Ilham yana cikin ta 8.

Sannan ka koma Nisa'i daga aya ta 105. Malaman tafsiri sun kawo cewa wani daga cikin mutanen Madina ne da ke cikin Musulmi ya saci sulke, da asiri zai tonu sai aka jingina wa wani Bayahude, danginsa suka zo suna so Manzon Allah SAW ya kare ɗan uwansu, ayoyi suka sauka suka wanke Bayahuden. A lokacin da ake tsaka da rikici da ƙabilun Yahudawan Madina fa. Kuma yana cikin Buhari cewa an wuce da gawa Manzon Allah SAW ya miƙe, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai bane? Ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Uwar muminai Safiyya 'yar Huyayyu daga cikinsu ta fito, haka Abdullahi bin Salam. Banu Ƙainuƙa'a da Nadir da Ƙuraiza kowacce an yi da ita ne a kan abinda ta aikata na warware alkawari, lokaci daban daban, ba a tashi rana ɗaya aka ce duk mai wannan jinin a kama shi ba.

Hajiya Turai:
Allah ya saka da alheri Malam. Dan Allah ku riƙa faɗar wannan a kan mumbari ma, don abinda yaranmu ke ji kullum shine komai ya lalace makircin Yahudawa ne. Cuta ta zo su ne, dala ta tashi su ne, yarinya ta ƙi jin magana su ne suka kawo waya. Mutumin da ya cinye kuɗin asibitin unguwarmu da sunansa da gidansa mun sani, amma an bar shi ana zagin wanda bamu taɓa gani ba.

Lauya Aminu:
Hajiya wannan tunanin na cewa su ke juya duniya ta ƙarƙashin ƙasa, ba daga littattafanmu ya fito ba, daga Turai aka shigo mana da shi. Akwai wani littafi da ake cewa wai yarjejeniyar sirri ce ta dattawan Sahyoniya, a Rasha aka fara buga shi a 1903, a 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna na jabu ne, an kwafo shi daga wani littafin Bafaranshe Maurice Joly na 1864 wanda da Sarki Napoliyon na Uku yake, babu ruwansa da Yahudawa ko kaɗan. Duk da haka Henry Ford mai motoci ya yaɗa shi a Amurka, 'yan Nazi suka koyar da shi, aka fassara shi da Larabci, har kundin Hamas na 1988 ya kafa hujja da shi. Su kansu Hamas a takardar da suka fitar a 2017 sai suka rubuta cewa rikicinsu da aikin Sahyoniya ne ba da Yahudawa saboda addininsu ba.

Amma bari in dawo kan maganar Ɗan Fagge ta farko don yana da gaskiya babba a ciki kuma bana so ta ɓace. Da gaske ana fakewa da guzuma ana harbin karsana. A Mayun 2016 wata ƙungiyar ƙasashe ta tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, IHRA, ta amince da wani bayani na mene ne ƙin jinin Yahudawa a Bukares, da misalai 11, guda 7 a ciki sun shafi Isra'ila. Wasu misalan babu mai hankalin da zai musa, kamar ɗora wa duk Yahudawa alhakin abinda ƙasar Isra'ila ta yi, wanda shine abinda muke ta faɗa wa ƙaninmu tun ɗazu. Takardar ma ta ce sukar Isra'ila irin wadda ake wa kowace ƙasa ba ƙin jini bane. Amma a ciki akwai cewa wanda ya ce kafuwar ƙasar aikin wariyar launin fata ne zai iya shiga, toh Bafalasɗinen da aka kori kakansa daga Yafa ko Haifa a 1948 aka hana shi dawowa don shi ba Bayahude bane, alhali Bayahuden da aka haifa a Burukilin ta Amurka zai iya sauka gobe a bashi takardar ɗan ƙasa, wane suna kake so ya kira abin? Kenneth Stern wanda ya jagoranci rubuta bayanin tun farko, Bayahude ne kuma mai goyon bayan wanzuwar Isra'ila, shi da kansa ya fito ya ce an mayar da shi makamin toshe bakin ɗalibai a jami'o'i, ba don haka aka rubuta ba. Shi yasa a Maris 2021 masana kusan 200, da yawansu masana tarihin Yahudawa da kisan kiyashin ne, suka fitar da Sanarwar Ƙudus suka ce ƙaurace wa kayan Isra'ila ko kiran a yi ƙasa ɗaya mai haƙƙi daidai wa kowa, shi kaɗai ba ƙin jinin Yahudawa bane.

Kuma ka duba Nuwamban 2024 da kotun hukunta manyan laifuka ta ICC ta ba da sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant, ofishin Netanyahu cewa ya yi hukuncin ƙin jinin Yahudawa ne, ya kwatanta shi da shari'ar Dreyfus, hafsan sojan Faransa da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa a 1894 don kawai shi Bayahude ne. Alhali a rana ɗaya kotun ta ba da sammacin Muhammad Deif na Hamas, kuma kotun nan ita ta nemi Albashir na Sudan da Putin. Zargin hana fararen hula abinci ne, ana amsa shi da hujja a gaban alƙali.

Ɗan Damagaram:
Lauya ka tuna min da Achille Mbembe ɗan Kamaru. A 2020 an gayyace shi buɗe wani bikin al'adu a Jamus, sai jami'in gwamnati mai kula da yaƙi da ƙin jinin Yahudawa ya ce bai dace ba, saboda ya kwatanta mamayar Falasɗinu da wariyar Afirka ta Kudu. Mutumin da a Johanasbag yake koyarwa, ya shafe shekaru yana rubutu a kan mulkin mallaka. Shekara ɗaya kafin nan majalisar Jamus ta riga ta zartar cewa hanyoyin ƙungiyar ƙauracewa ta BDS na ƙin jinin Yahudawa ne. Har ta kai a Jamus ana soke taron Yahudawa masu sukar Isra'ila da sunan kare Yahudawa.

Amma ni na zauna a Faransa kuma ɗaya ɓangaren ma na gan shi. A Maris 2012 a Tulus Mohamed Merah ya je makarantar Yahudawa ya harbe malami da yara uku ƙanana, ya ce wai fansar yaran Falasɗinu yake ɗauka. Salam Fayyad da yake firaministan Falasɗinu lokacin ya fito ya ce a daina aikata ta'addanci da sunan yaransu. A Janairun 2015 aka shiga kantin abincin Yahudawa a Faris aka kashe mutum 4, wanda ya ɓoye mutane a ɗakin sanyi ya cece su Lassana Bathily ne, Musulmi ɗan Mali da ke aiki a kantin. Duk lokacin da yaƙi ya tashi a Gaza sai an ƙara 'yan sanda a ƙofar makarantunsu da wuraren ibadarsu. To tsoron da suke ji ba na ƙarya bane, kuma duk harin da aka kai irin wannan sai gwamnatin Isra'ila ta ce kun gani, ku tattaro ku dawo gida, wasu kuma su tattara su tafi.

Bulus Zonkwa:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, ku yi haƙuri in faɗi nawa a matsayin Kirista ɗaya tilo da ke magana a gidan nan. Lauya na yarda ba duk suka ce ƙiyayya ba. Amma akwai abinda ke damuna. Ranar 7 ga Oktoba an kashe mutum kusan 1,200, yawancinsu fararen hula, an kwashe kusan 250 har da tsofaffi da jarirai, kuma tun kafin Isra'ila ta jefa bam ɗaya na ga mutanen da na sani suna murna a Facebook. Wannan sukar wace manufar gwamnati ce? Na biyu, Sudan tana nan kusa da mu, an yi kisa a Darfur an raba miliyoyi da gidajensu, a 2022 ma Hausawa 'yan uwanku aka kashe a jihar Bulu Nayil, ban ga an cika titi ba. Yaman shekara nawa Saudiyya tana jefa bam, shiru. In sai wanda ya yi kisan Bayahude ne jini ke tafasa, ba dole mutum ya yi tambaya ba?

Ɗan Fagge:
Bulus ku kuma da kuke sa tutar Isra'ila a coci fa? Kun san akwai Kiristoci a Gaza da Baitalami? An kai hari harabar cocin Porfiriyus a Oktoban 2023 mutane sun mutu, Shirin Abu Akle 'yar jaridar Aljazira da aka harbe a Jenin a 2022 Kirista ce, har masu ɗauke da akwatin gawarta 'yan sanda suka daka.

Bulus Zonkwa:
Na sani, kuma ina faɗa wa mutanenmu cewa Isra'ilar Littafi Mai Tsarki daban, gwamnatin Likud ta su Netanyahu daban, annabawan cikin littafin ma sarakunan Isra'ila suka fi tsawata wa. Wasu fastocin Amurka da ke tara wa Isra'ila kuɗi ma ba son Yahudawa suke ba, so suke su taru wuri ɗaya don annabcin ƙarshen duniya ya cika. Amma baka amsa tambayata ba ɗan uwa.

Maman Ilham:
Bari ni in amsa Malam Bulus. Murnar kashe farar hula haramun ce ko waye, wanda ya yi ya yi laifi, bani da wani amma a kai. Maganar Sudan kuma abin kunya ne a kanmu, shirun ya yi yawa. Sai dai ban yarda dalilin kawai don Yahudawa bane. Masallacin Ƙudus alƙiblarmu ce ta farko. Mamayar nan tun 1967 ake cikinta, Kotun Duniya ta ce haramtacciya ce a Yulin 2024 kuma ba abinda ya canza. Amurka tana ba su dala biliyan 3.8 na makamai duk shekara tana hawa kujerar naƙi in an zo Kwamitin Sulhu. Mutanen da suka san mulkin mallaka suna gane shi in sun gani, shi yasa Ailan da Afirka ta Kudu da ba ƙasashen Musulmi ba suke gaba gaba. Mutum yana da damar ya zaɓi zaluncin da ya fi tsaya masa a rai. Inda zan bi ka shine in an tambaye shi Darfur ya ce ƙarya ce ko ya ce can ma Yahudawa ne suka haɗa, toh wannan kam ciwonsa daban ne.

Abban Sadik (admin):
Ni abinda yasa abin nan ya tsaya min, mu fa mun san zafin kuɗin goro. A Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida sallah aka kashe 16, aka cinna musu wuta, don an ce ai irinsu ne masu garkuwa da mutane. Masu garkuwar da gaske akwai su, mutanen garin da gaske an cuce su, amma waɗanda aka ƙona ba su bane. Duk wanda ya yi kuka ranar bai kamata a same shi yana cewa Bayahude duk Bayahude ne ba.

Malam Habu:
Akwai wani abu a tarihinmu ma da ɗalibai ya kamata su sani. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, kafin ya zo nan a Tuwat yake cikin saharar Aljeriya ta yau, kuma shi ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit wajen 1492. Alƙalin Tuwat na lokacin, Al-Asnuni, bai yarda da shi ba, ya ce mutanen nan suna da alkawarin amana, aka yi ta aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, wasu suka bi wannan wasu suka bi wancan. Muna girmama Magili da iliminsa, amma a wannan mas'alar malamai sun saɓa masa tun yana raye. Kuma a daidai wannan shekarar da Sifaniya ta kori Yahudawanta, Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu na daular Usmaniyya shi ya buɗe musu ƙofa. Duka biyun suna cikin tarihinmu, haka ma harin da aka kai wa Yahudawan Bagadaza a 1941 yana ciki, kar mu riƙa faɗar mai daɗin kaɗai.

Ɗan Fagge:
Toh Malam naji, amma ni har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya, ƙasar nan a kan zalunci aka kafa ta kuma bazan taɓa cewa tana da haƙƙin wanzuwa ba, a kira ni duk sunan da za a kira ni.

Lauya Aminu:
Wannan ra'ayin siyasa ne kuma akwai Yahudawan da ke faɗarsa, ni bazan kira ka komai ba a kansa. Tambayar da zan maka ita ce Yahudawa sama da miliyan 7 da ke zaune a can yau, yawancinsu a can aka haife su, kusan rabi kuma asalinsu daga Maroko da Iraƙi da Yaman da sauran ƙasashen yankin ne ba Turai ba, kuma babu gidan da za su koma, ya za ai da su? In amsarka ita ce a rushe tsarin fifiko kowa ya zauna da ƙuri'a ɗaya da haƙƙi ɗaya, 'yan gudun hijira su samu haƙƙinsu, to abinda masanin nan Bafalasɗine Edward Said ya yi kira gare shi kenan. In amsarka a kore su ko a ƙarar da su, ka koma kan hoton da aka goge. Ita ma kalmar daga kogi zuwa teku haka take, sai an tambayi mai faɗa me yake nufi, don jam'iyyar Likud ma a manufofinta na 1977 ta rubuta cewa tsakanin teku da Jodan ikon Isra'ila ne kaɗai zai kasance, kuma yau ita ke aiwatarwa.

Bulus Zonkwa:
Lauya ƙasa ɗaya a baki da sauƙi. Bayan abinda ɓangarorin nan suka yi wa juna wa zai yarda ya ajiye makami ya zama marar rinjaye? Mutanen da aka yi wa abinda aka yi musu a Turai ba za su sake miƙa wuyansu ga alkawarin kowa ba, kuma wanda ya ce musu tsoronsu banza ne bai karanta tarihi ba. Ni dai ƙasa biyu nake gani.

Lauya Aminu:
Ina maka fatan haka, amma 'yan kama wuri zauna sun haura dubu 700 in ka haɗa Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus, kuma ministoci irin su Smotrich da Ben Gvir su kansu a matsugunan suke zaune. A wace ƙasar za a kafa ta biyun?

Hajiya Turai:
Ni tambayata ta kasuwa ce. Jerin kayan da ake turowa a ce a ƙaurace musu, wani sai ka ga dalilin da aka rubuta kawai wai mai kamfanin Bayahude ne. Mu da muke saro kaya ya zamu yi?

Lauya Aminu:
Hajiya in dalilin kenan kaɗai ki watsar da shi, irin wannan ƙauracewar ita 'yan Nazi suka fara da ita ranar 1 ga Afrilun 1933, suka tsaya a ƙofar shaguna suna hana shiga. Abin tambaya shine me kamfanin yake yi. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da jerin kamfanoni 112 a Fabrairun 2020 masu harka a matsugunan da aka gina a ƙasar da aka mamaye, a ciki akwai na Amurka da Holan da Faransa da Ingila, ba a duba addinin mai shi ba. Ki duba kuma Ben & Jerry's masu askirim, waɗanda suka kafa shi su biyun Yahudawa ne, a 2021 kamfanin ya ce zai daina sayarwa a matsugunan, su biyun suka fito suka goyi bayan matakin a rubuce, ministan harkokin wajen Isra'ila na lokacin Yair Lapid ya ce kamfanin ya miƙa wuya ga ƙin jinin Yahudawa. Da jerin da ake turo miki za ki bi, su za ki fara daina saye.

Hajiya Turai:
Toh dan Allah ka turo min na Majalisar Ɗinkin Duniyar ta bayan fage, gobe zan shiga Singa.